Acyclovir

Acyclovir magani ne da ke hana ƙwayar cutar herpes simplex hayayyafa. Ita ce ƙwayar da ke fitar da ƙuraje masu ruwa a leɓe da fuska. Howard Schaeffer ne ya haɗa shi a kamfanin Burroughs Wellcome a 1974, Gertrude Elion da abokan aikinta kuma suka bayyana yadda yake aiki a 1977.

Gwajin da aka yi da ɓeraye waɗanda aka sa wa cutar a fuska ya nuna cewa maganin yana rage ƙurajen idan an fara shi da wuri. Sai dai ba ya kashe ƙwayar da ta riga ta ɓuya a jijiyoyin fuska, shi ya sa cutar kan dawo. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1982.