Yaro Mai Buƙata Ta Musamman A Garaku: Ina Iyaye Za Su Nufa?

'Yan uwa mazauna Legas, Ibadan da Fatakwal, da yawanmu mun bar iyali a gida. Idan cikin yaranka akwai kurma, makaho, gurgu ko wanda bai fara magana a kan lokaci ba, ga wuraren da nake ba da shawarar a nufa daga Garaku, hedikwatar ƙaramar hukumar Kokona.

Na farko, asibiti. Asibitin tarayya na FMC yana Keffi, ba nisa a mota. A kai yaron da wuri likita ya duba shi, a karɓi takardar sakamako a adana, don za ta yi amfani wajen neman makaranta.

Na biyu, makaranta. A Lafiya akwai makarantar musamman ta gwamnatin jiha, wadda Gwamna Umaru Tanko Al-Makura ya gina, Shugaba Buhari ya buɗe a 2018.

Na uku, hukuma. Dokar da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba masu nakasa ilimi kyauta har sakandare. Wanda ya nuna musu wariya, tarar naira 100,000 ce ko ɗaurin wata 6, ko duka biyun. Hukumar kula da masu nakasa ta ƙasa tana Abuja, can ake kai ƙara.

In kuwa yaron yana tare da kai a Legas, nemi ofishin LASODA.

Don Allah cikin kuɗin da kake aikawa gida, ware na motar asibiti da na makaranta. Kada a kulle yaro a ɗaki, kada a tura shi bara.