Wa Ya Ba Mu Izinin Raɗa Wa Abu Suna?

Wata ranar Laraba ina gabatar da shirin safe a gidan rediyon da nake aiki a Parakou, sai na ce "na'ura mai ƙwaƙwalwa". Da muka buɗe layin waya, wani dattijo ya kira daga Djougou. Bayan mun gaisa ya ce: "Ɗana, wannan na'urar ita ce jikokina ke ce wa ordinatar?" Na ce: "Ita ce, Baba." Ya ce: "To wa ya raɗa mata wancan dogon suna, kuma wa ya ba shi izini?" Na yi dariya na wuce, amma tambayar ta bi ni har gida, domin ƙirƙirar kalma aikinmu ne na kullum mu 'yan rediyo. Labari zai zo da Faransanci, kafin minti goma kana son faɗarsa da Hausa. Shi ya sa na shiga bin tarihin waɗanda suka riga mu wannan karambani.

Akwai waɗanda ba su tsaya ga kalma ɗaya ba, harshe sukutum suka ƙera. A 1887 wani likitan ido, Ludwik Zamenhof, ya wallafa Esperanto a birnin Warsaw, da fatan mutanen duniya su sami harshe guda da ba na kowace ƙabila ba. Marubucin Ingila J.R.R. Tolkien ya ƙirƙiro Quenya da Sindarin don halittun cikin labaransa. Na farkon ya ɗebo ƙamshinsa daga harshen mutanen Finland, na biyun daga na Wales. Mu ma a Afirka ba a bar mu a baya ba. Sarkin Bamum na Kamaru, Ibrahim Njoya, bayan rubutun da ya ƙago, ya haɗa wani harshen fada mai suna Shumom. A Nijeriya, Alex Igbineweka ya harhaɗa Guosa a 1965, mafi yawan kalmominsa daga Hausa da Yarabanci da Ibo. A Gana kuma K. A. Kumi Attobrah ya fito da Afrihili a 1970. Dukansu masu basira ne, kuma Esperanto na da masoya har gobe. Sai dai babu ko ɗaya a cikinsu da ya zama harshen da ake cinikin gishiri da shi a kasuwar wani gari. Ko zaurancen da muka yi muna yara don mu ɓoye wa manya zance, ai a kan Hausa ya hau, shi ya sa ya yi rai.

Labarin da ya fi kama da namu daga ƙasar Hangari ya fito, can tsakiyar Turai. Shekaru aru-aru Latin ne harshen mulki da na ilimi a wurinsu, harshen uwa kuwa na gida ne da gona. A 1784 sarki Joseph na Biyu, mai mulki daga Vienna, ya ba da umarnin a riƙa aikin gwamnati da Jamusanci. A 1791 masanin nan na Jamus, Herder, ya yi hasashen cewa wata rana za a nemi harshen Hangari a rasa. Wannan magana ta yi musu ciwo.

Wanda ya ja ragamar farfaɗowar shi ne Ferenc Kazinczy, wanda aka haifa a 1759. Ya sha ɗauri daga 1794 zuwa 1801 saboda siyasa. Da ya fito sai ya koma ƙauyen Széphalom, ya duƙufa rubuta wasiƙu dubbai ga marubuta a faɗin ƙasar, suna gardama a kan kalma ɗaya-ɗaya: wannan ta dace, waccan ta yi nauyi a baki. Sun tono tsoffin kalmomi da aka manta, sun aro daga karin harshen ƙauyawa, sun ƙera sababbi daga saiwar da kowa ya sani. Ba a bar su sun sha ruwa ba; a 1813 aka fitar da wani ɗan littafi mai suna Mondolat don a yi musu ba'a. Kalmomi da yawa sun mutu tun a kan takarda, amma dubbai sun rayu, har da waɗanda suke amfani da su yau don adabi da kan jirgin ƙasa. Kazinczy ya rasu a 1831, bai ga ranar ba, amma a 1844 harshen Hangari ya zama harshen hukuma.

Bambancin a fili yake. Zamenhof ya gina gida sannan ya tafi neman masu zama. Kazinczy da abokansa ɗaki suka ƙara a gidan da ke cike da mutane, kuma mutanen ne suka zaɓi abin da za su riƙe.

Mu a arewacin Benin ba sai an ba mu labari ba. Fataken goro da ke tashi daga Kano zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja, ta Borgu suke bi, suna yada zango a Nikki da Parakou da Djougou. A nan Bahaushe ya haɗu da Bariba da Yom da Bafulatani da Bayarabe, kowa da bakinsa. Harshen da ya haɗa su a waɗannan garuruwa shi ne Dendi, ɗan'uwan Zabarmanci. Babu kwamitin da ya zauna ya zaɓe shi. Ciniki da auratayya da zaman masallaci ne suka ɗora shi, har yau ɗan zango a Djougou yana tashi da Dendi da Hausa a baki, ya je makaranta ya ƙaro Faransanci.

Hausa ma ta yi nata Kazinczy ɗin. Tun da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, Abubakar Imam da abokan aikinsa ke fama da neman sunan abubuwan da kakanninmu ba su sani ba, sashen Hausa na BBC ya shigo fagen a 1957. Daga irin wannan fama muka gaji "Majalisar Ɗinkin Duniya", wadda yau ba mai jin ta baƙuwa. "Jirgin sama" ya zauna daram. "Yanar gizo" na nan tana kokawa da "intanet". "Na'ura mai ƙwaƙwalwa" kuwa, gaskiya kwamfuta ta kusa kayar da ita a Kano, ordinatar na kayar da ita a nan.

Abin da nake tsoro shi ne mu gaji mu daina gwadawa, mu riƙa zuba Faransanci tsagwaronsa a duk inda maganar lafiya ko shari'a ko kuɗi ta taso. Ranar da tsohuwa a Djougou ta kasa gane sanarwar rigakafi a rediyon garinsu, Hausarmu ta koma inda harshen Hangari yake kafin 1784.

Mako na gaba na amsa wa dattijon a shirin. Na ce: "Baba, ba wanda ya ba mu izini. Mu dai mukan kawo suna, ku ne masu yanka ragon." Tun daga nan, duk sabuwar kalmar da na kawo sai na faɗe ta tare da wadda aka saba ji, in bar masu kira su tantance. Wasu sun karɓu, wasu kuma an yi mini dariya na janye su.