Tarihin Duba Jijiyoyin Zuciya Ba Tare Da Zura Bututu Ba

Jijiyoyin da ke kai wa tsokar zuciya jini sirara ne, faɗinsu bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba. A jikin bangonsu ne kitse ke taruwa sannu a hankali, ya daskare, wani sashensa ya haɗu da sinadarin kalsiyam ya taurare. Ranar da wannan tarin ya fashe, jini ya gudaje a wurin, sai jijiyar ta toshe, mutum ya faɗi. Likitoci sun daɗe da sanin haka daga binciken gawa. Abin da ya gagare su shi ne ganin tarin tun mai shi yana raye.

A 1958 Mason Sones na asibitin Cleveland da ke Amurka ya gano, bisa tsautsayi, cewa ana iya zuba ruwan rini kai-tsaye cikin jijiyar zuciya a ɗauki hotonta, majiyyaci kuma ya tsira. Wannan hanya ta zama ginshiƙin aikin likitocin zuciya, amma sai an zura siririn bututu ta cinya ko wuyan hannu, kuma ba a yi wa mai lafiya ita don kawai ana zargi. Ramin da jini ke bi take nunawa, ba bangon da cutar ke ɓuya a ciki ba.

Godfrey Hounsfield ya kawo na'urar CT, aka fara ɗaukar hoton majiyyaci da ita a Landan a 1971. Kwanyar mutum ta zauna lafiya a gabanta, zuciya kuwa ba ta tsayawa, ko da sau ɗaya, don haka hotonta kan fito dishi-dishi. Daga nan tarihin ya koma tseren sauri. A farkon shekarun 1980 Douglas Boyd da kamfanin Imatron suka ƙera na'urar da ba ta da ƙarfen da ke juyawa, tana ɗaukar hoto cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. Da irinta ne Arthur Agatston da Warren Janowitz, a Miami, suka fitar da ma'aunin kalsiyam a 1990. Har yau da sunan Agatston ake kiransa: sifili na nufin ba a ga kalsiyam ba, abin da ya haura 400 kuwa alama ce ta tarin mai yawa. Gwajin na 'yan mintoci ne, babu allura babu rini.

An yi ta gardama a kansa, domin wasu cibiyoyi sun mai da shi haja suna tallatawa ga kowa. Binciken MESA da aka fara a Amurka a 2000, wanda ya bi mutum 6,814, shi ya nuna cewa lambar kalsiyam na hango haɗari fiye da dogaro ga shekaru, hawan jini da kolestarol kaɗai.

Na'urori masu layin ɗauka 64 sun fito a 2004, sai ya yiwu a saka rini ta jijiyar hannu a ga bangon jijiyar kansa, har da kitse mai laushi. Farashin wannan ci gaba shi ne yawan hasken radiyeshan da ke shiga jiki, wanda daga baya aka rage sosai. A Sikotland, binciken SCOT-HEART ya ɗauki masu ciwon ƙirji 4,146. Bayan shekara biyar, mutuwa sanadiyyar ciwon jijiyoyin zuciya ko toshewar jijiya ta sami kashi 2.3 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa hoton, da kashi 3.9 na waɗanda ba a yi wa ba. Bambancin ya fi fitowa ne daga fara shan magani da wuri, ba daga tiyata ba, kuma a nan amfanin hoton yake. Tun 2016 hukumar NICE ta Ingila ta sa shi gwajin farko ga irin wannan ciwon ƙirji.

Sai dai a kiyaye: sifili ba shedar tsabtar jijiya ba ce, musamman ga matashi ko mai shan taba, don kitse mai laushi ba ya fitowa a ma'aunin kalsiyam. Duk wanda ƙirjinsa ke matsewa in ya yi aiki ko ya hau tudu, ya je wurin likita ko da lambarsa sifili ce.