Daga Girka zuwa katin asibitinka: yadda aka ƙera kalmomin likitoci

1/ Hepatitis, gastritis, arthritis, meningitis. Kun lura duk wutsiyarsu ɗaya ce? Dogayen sunayen nan da likita ke rubuta mana a kati, haɗa su aka yi gunduwa-gunduwa, kuma kowace gunduwa da tarihinta. Wasu sun haura shekara 2,000. Ku gyara zama, zaren yau da ɗan tsawo 🧵

2/ Mu fara daga gida. Wanda ya yi Hausa a sakandare zai tuna saiwa da ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya. Ɗauki saiwar haif-. Liƙa mata ma- a goshi da -a a ƙeya, ka sami mahaifa. Canza ƙeyar zuwa -i, ka sami mahaifi. Haka mafitsara ta fito daga fitsari.

3/ To sak irin aikin nan likitoci ke yi, sai dai su da Girkanci da Latin. Hepat- hanta ce. Gastr- ciki. Arthr- gaɓa. Nephr- ƙoda. Wutsiyar -itis kuma kumburi. Ka ga hepatitis kumburin hanta ne, nephritis kumburin ƙoda. Saiwa huɗu da wutsiya ɗaya, ka karanta cuta huɗu.

4/ Tambayar da ta fi jan hankalina ita ce: me ya sa Girkanci? Amsar tana wani tsibiri mai suna Kos, inda aka haifi Hifokratis wajen shekara 460 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Malamanmu na zaure sun san shi a littattafan Larabci da sunan Buƙrat.

5/ Shi da almajiransa ba wani yaren sirri suka ƙirƙira ba fa. Da maganar kasuwa suka yi amfani. Sun ga wani ƙari da jijiyoyi suka miƙe ta gefe-gefensa kamar ƙafafun ƙaguwa, sai suka ce masa karkinos, wato ƙaguwa. Daga nan carcinoma ta samo asali.

6/ Romawa suka fassara ƙaguwar zuwa Latin, ta zama cancer, wadda muke cewa kansa. Larabawa ma fassarawa suka yi, suka ce saraɗan, ita ma ƙaguwa. Mu kuma muka ce ciwon daji. Duk lokacin da ka ji an ce kansa, sunan ƙaguwa aka kira.

7/ Romawan nan su suka jawo mana sunaye biyu-biyu. Sun ci Girka da yaƙi, amma yawancin likitocinsu Girkawa ne. Wani marubuci, Selsus, ya rubuta littafin magani da Latin a ƙarni na 1, ya fassara wasu kalmomi, ya bar wasu da Girkancinsu.

8/ Shi ya sa ƙoda ke da suna biyu: nephr- na Girka, ren- na Latin. Likitan ƙoda nephrologist ne, amma takardar gwajin ƙodar renal za ka gani a jiki. Galibi sunan sashen jiki Latin ne, sunan cutar da ta kama shi Girkanci.

9/ Sai Jalinus, wanda Turawa ke kira Galen. An haife shi a shekarar 129 a Fergamon, cikin Turkiyya ta yau, ya zama likitan sarkin Rum. Rubutu ya yi kamar ba gobe, duk da Girkanci, kuma maganarsa ta riƙe ilimin likitanci sama da shekara 1,000.

10/ Yanzu mu tsallaka Bagadaza, zamanin Abbasiyawa. A nan ne labarin ya fi min daɗi. Wani likita Kirista, Hunainu ɗan Ishaƙ, wanda ya rasu a 873, ya duƙufa da ɗansa da almajiransa suna juya littattafan Girka zuwa Suryananci da Larabci. A wata wasiƙarsa ya lissafa ayyukan Jalinus 129.

11/ Matsalarsa ita ce Larabci ba shi da sunayen sassa da yawa na cikin ido. Ya zai yi? Sai ya fasa kalmar Girkanci, ya duba ma'anar saiwarta, ya gina irinta da saiwar Larabci. Abin da nake nuna muku yau, shi masu fassarar nan suka mayar sana'a.

12/ Misali: Girkawa sun kwatanta fatar gaban ido da ƙaho, saboda taurinta. Larabci ya ɗauki ƙarn, ƙaho, ya yi ƙarniyya. Ta can cikin ido kuma sun ce kamar raga take. Larabci ya ɗauki shabaka, raga, ya yi shabakiyya.

13/ Ibn Sina ya kammala Al-Ƙanun a 1025 da irin waɗannan kalmomi. Daga baya sai ruwa ya juya: Turawa suka zo neman ilimi wajen Larabci. A birnin Toledo na Andalus, Jerad mutumin Kiremona, wanda ya rasu a 1187, ya fassara Al-Ƙanun zuwa Latin.

14/ A Latin ƙaho cornu ne, raga kuma rete. Ga cornea da retina nan da likitan ido ke faɗa maka yau. Harshe uku, hoto ɗaya: ƙaho da raga.

15/ Ga wata da ta fi ban mamaki. Likitocin Larabawa suna kiran fatun da suka lulluɓe ƙwaƙwalwa umm, wato uwa. Masu fassara suka juya ta yadda take zuwa Latin: mater. Har gobe ɗaliban likitanci na haddace dura mater, uwa mai tauri, da pia mater, uwa mai taushi.

16/ Waɗannan fatun ne Girkanci ke kira mening-. Ƙara -itis, ka sami meningitis, sanƙarau ɗin nan da ke addabarmu lokacin zafi. Ku lura da bambancin: sunanmu ya faɗi abin da ido ke gani, wuya ya sanƙare. Nasu ya faɗi inda cutar ta zauna.

17/ Reshen Larabcin nan ya iso ƙasar Hausa ta hanyar malamai. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce kan magani, har da guda kan basir. Kalmar basir kanta daga Larabci muka aro. Likita kuma haemorrhoid zai rubuta: haem- jini, -rrhoid mai kwarara.

18/ Mu koma Turai. A 1543 Besaliyus ya fitar da babban littafinsa kan ginin jikin mutum, bayan ya feɗe gawarwaki da hannunsa. Shi da mutanen zamaninsa suka yi ta sauke sunayen Larabci suna mai da na Girka da Latin. Masu rigar Latin irin su dura mater suka tsira.

19/ Daga ƙarni na 18 zuwa na 19 ne haɗa kalmomi ya zama kamar masana'anta. Ita -itis ɗin nan, a asalin Girkanci aikinta kamar na -n ne a ciwon gaɓa. Arthritis nosos, cutar gaɓa. Aka jefar da nosos, daga baya likitoci suka ɗora wa wutsiyar ma'anar kumburi.

20/ Da an ga sabon abu sai a buɗe akwatin saiwoyi. A 1816, a Faris, likita Layinek ya naɗe takarda ya kanga a ƙirjin wata mara lafiya, ya ji bugun zuciyarta raɗau. Ya raɗa wa abin da ya ƙera suna daga stethos, ƙirji, da skopein, dubawa. Abin nan ne da likita ke ratayawa a wuya.

21/ A 1847 Firko, a Jamus, ya ga jinin da fararen ƙwayoyi suka cika shi: leuk- fari, -emia jini, leukemia. A 1886 Rejinal Fiz, a Amurka, ya haɗa appendix na Latin da -itis na Girka. Auren yare biyu ne, amma ya zauna daram.

22/ Sunaye suka yi yawa, sashe ɗaya kowace ƙasa da abin da take kiransa. Sai masana ginin jiki na Jamus suka taru a birnin Basel a 1895, suka amince da jeri ɗaya na Latin. An yi ta gyara shi, har da wanda aka fitar a 1998. Shi ya sa likitan Kano da na Alƙahira za su gane takardar juna.

23/ Ko maƙwabtanmu. A Najeriya muna cewa sikila, daga kalmar Turanci ta lauje, don ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje. A Nijar takardar asibiti drépanocytose za ta ce: drepan- lauje, cyt- ƙwaya, -ose yanayin cuta. Lauje ɗaya ne a Zariya da Damagaram.

24/ Amma fa a yi hattara, saiwa takan riƙe tsohon kuskure. Mutanen da sun ɗauka artery iska take ɗauka, don sukan same ta fayau a jikin gawa. Jalinus ya nuna jini ne a ciki. Sunan bai motsa ba.

25/ Malaria kuma Italiyanci ce, mala aria, mummunar iska, don sun zaci iskar fadama ke kawo ta. Laberan ya ga ƙwayar cutar a jini a Aljeriya a 1880, Ronal Ros ya same ta a cikin sauro a Indiya a 1897. A nan kam zazzaɓin cizon sauro ya fi sunansu faɗin gaskiya.

26/ To ina amfanin duk wannan ga wanda ba likita ba? Ga shi. Hyper- sama, hypo- ƙasa, glyc- zaƙi, -emia jini. Hyperglycemia sukari ya hau, hypoglycemia ya faɗi. Duk mai jinyar mai ciwon sukari a gida ya kamata ya san wannan, don abin da ake yi wa ɗaya kishiyar na ɗayan ne, kuma rai ne a tsakani.

27/ Sai takardar tiyata. -otomy tsagawa ce, -ostomy buɗe ƙofa, -ectomy cirewa gaba ɗaya. Mace mai ƙari a mahaifa: myomectomy ƙarin za a cire a bar mahaifar. Hysterectomy mahaifar ce za ta tafi, don hyster- mahaifa ce. Ba a sake ɗaukar ciki bayanta.

28/ Sau nawa ake miƙo wa miji ko ɗa takarda a ce sa hannu, ya sa, bai san wace wutsiya ce a jiki ba? Wallahi tambaya ba rashin kunya ba ce. Ka ce: likita, me za a tsaga, me za a cire, me za a bari? Haƙƙin mara lafiya ne a yi masa bayani da harshen da yake ji.

29/ Dabarar da nake bi: fara karatu daga wutsiya, ita ke faɗin abin da ya faru. Sai ka dawo goshi, ka bi saiwoyin ɗaya bayan ɗaya. Harafin o da kake gani a tsakiya gada ce kawai don lafazi ya yi sauƙi. Sanin ma'anar suna dai bai mai da kai likita ba, kar ka je kemis ka rubuta wa kanka magani.

30/ Ga aikin gida. Enter- hanji, cardi- zuciya, my- tsoka, -pathy cuta, -megaly girma fiye da ƙima. Ku fassara min waɗannan da Hausa: gastroenteritis, cardiomyopathy, hepatomegaly. Ban da tambayar Google, kuma 'yan makarantar likitanci ku ɗan ja baya tukuna 😄