Homa da gora: Adana kayan masuntan Argungu

Homa da gora su ne kayan aikin masuntan da ke nutso a kogin Matan Fada, lokacin bikin kamun kifi na Argungu a jihar Kebbi.

An fara bikin ne a shekarar 1934, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun gargajiya da duniya ta gada.

To amma idan damina ta sauka, masunta da dama kan koma gona, kayan kuma su shafe watanni a ajiye.

Akan wanke homa, a shanya ta ta bushe sarai, a ɗinke inda ta yage, sannan a rataye ta nesa da ɓera da gara.

Laima kan ruɓar da zaren auduga, yayin da zafin rana ke cinye ƙarfin na roba.

Ita kuwa gora, a kanta masunci ke hawa ya yi iyo, kuma a cikinta yake zuba kifi.

Don haka akan ajiye ta a inuwa, a kuma duba ta kafin a koma ruwa, domin idan ta tsage a tsakiyar kogi, ran mai ita ne ke cikin haɗari.