Daga Ina Katin Awo Ya Samo Asali?

'Yan uwana mata, katin nan da ake ba mu a asibiti, wasunmu su cusa ƙarƙashin katifa su manta, yana da tarihi.

A 1929 wata likita mai suna Cicely Williams, haifaffiyar Jamaika, ta fara aiki a ƙasar da yau ake kira Gana. A Akara ta riƙa ganin yara ƙafafu sun kumbura, gashi ya yi ja, fata tana saɓulewa. Da ta saurari matan wurin sai ta ji suna kiran abin kwashiyoko, wato ciwon da ke kama yaro idan an yi masa ƙane. Mu ai mun san shi, shi ne abin da kwanika ke jawowa. Ta lura an cire su daga nono an bar su da kokon masara zalla. Ba maita ba ce, ba iska ba. A 1935 ta shigar da sunan cikin rubutun likitoci.

Sanin ciwo daban, tare shi daban. Nan aikin Dakta David Morley ya shigo, wanda ya zo Najeriya a 1956. A garin Imesi-Ile, cikin Jihar Osun ta yanzu, ya buɗe wurin duba yara 'yan ƙasa da shekara 5, ya ƙirƙiro katin da ake ɗiga nauyin yaro duk wata. Kuma bai kulle shi a ofis ba, uwa ya damƙa wa. Ko ba ta yi boko ba, tana ganin layi ya daina hawa ta san da magana.

A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6, ko ruwa ban da shi, sannan a fara abinci ana ci gaba da shayarwa. A nan ne ake koya mana zuba gyaɗa, waken suya, ƙwai da zogale a abincin yaro, maimakon tsinkakken koko.

Kun ga duk wannan tafiya, likitoci hannun uwa suke mayar da maganin. Don haka uwargida, ki zaro katin nan ki karkaɗe shi, ranar awo ki saɓa goyonki. Tamowa ba ta sallama, a layin katin take fara nuna kanta.

Allah Ya raya mana zuri'a, amin.