Kwatanta Ingancin Asibitoci Wajen Kula da Dattawa a Jihar Kano

Kiwon lafiya a Jihar Kano ya kasu matakai uku: cibiyoyin matakin farko da ke mazaɓu, manyan asibitoci na gwamnatin jiha, da asibitocin ƙwararru na Gwamnatin Tarayya. Yawancin cututtukan tsufa, irin su hawan jini, ciwon suga, shanyewar ɓarin jiki, yanar ido da ciwon gaɓoɓi, ba a gama jinyarsu a zuwa ɗaya. Saboda haka girman gini ba shi ne ma'aunin farko ba. Abin dubawa shi ne yadda asibiti ke bibiyar majinyaci wata bayan wata.

Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, shi ne ya fi yawan likitoci ƙwararru da na'urorin gwaji, kuma yana wankin ƙoda. Sai dai a bisa tsari ana zuwa can ne da takardar turawa daga ƙaramin asibiti, kuma jiran ganin ƙwararre kan yi tsawo. Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad, mallakar jiha, ya fi kusa da mazauna cikin birni, amma cunkosonsa kan wahalar da dattijon da ba ya iya doguwar tsayuwa. Karaya, musamman ta ƙugu bayan faɗuwa, aikin Asibitin Ƙashi na Dala ce, wanda ya fara aiki a 1959. Matsalar fitsari ga maza masu shekaru kuwa ana dubawa a Asibitin Mafitsara na Abubakar Imam, yayin da Asibitin Ido na ECWA ya daɗe da shahara wajen cire yanar ido.

Ga mazauna karkara, manyan asibitocin Bichi, Gwarzo, Wudil, Rano da Ɗambatta sun isa awon jini da suga da sabunta magani. Ɗauko tsoho daga ƙauye zuwa birni don awon da za a iya yi masa kusa da gida wahala ce da asarar kuɗin mota, kuma sau da yawa ita ce ke sa a daina zuwa.

Kafin iyali su zaɓi wuri, ya kamata su tambaya: akwai likita da dare? Ana samun magani a cikin asibitin? Akwai keken marasa lafiya da hanyar da ba matakala? Banɗaki yana kusa da gado? Akwai wurin kwanan mai jinya? Ana karɓar katin hukumar KSCHMA, wadda ke kula da tsarin taimakekeniyar lafiya na jihar?

Idan asibiti mai zaman kansa ne, a nemi ganin shaidar rajistarsa da hukumar PHIMA, wadda ke sa ido a kan irin waɗannan cibiyoyi, a kuma nemi farashin kwana da na gwaje-gwaje a rubuce kafin a kwantar da majinyaci.